Tsakanin Attaura da Karagar Mulki: Yahudawan da Ke Bayan Falasɗinawa

A yammacin Juma'a 27 ga Oktoba 2023, daidai lokacin da ma'aikata ke rububin komawa gida, ɗaruruwan mutane sanye da baƙaƙen riguna suka cika babban zauren tashar jirgin ƙasa ta Grand Central a birnin Niyok, suka zauna dirshan a ƙasa suka ƙi tashi. Rubutun da ke jikin rigunan na cewa Yahudawa suna neman a tsagaita wuta, kuma kada a yi wannan yaƙi da sunansu. Da yake faɗuwar ranar Juma'a ita ce shigowar Asabar, ranar hutunsu ta ibada, sai malamansu suka kunna kyandirori kamar yadda ake yi a gidajen Yahudawa, suka karanta addu'ar da suke yi wa mamata. An rufe tashar na wani lokaci, 'yan sanda suka kama fiye da mutum 200. A wannan daren ne kuma aka katse layukan waya da intanet a Zirin Gaza, tankokin Isra'ila suka fara kutsawa ta ƙasa. Ƙungiyar Jewish Voice for Peace, wadda aka kafa a 1996 a yankin San Faransisko, ita ta kira zaman.

Mai karatu da ya tashi yana jin rediyo na cewa "Yahudawa sun kai hari" zai iya ɗaukar waɗannan mutane a matsayin 'yan tawayen da suka yi watsi da addininsu, ko kuma 'yan wasan kwaikwayon da aka turo don a wanke sunan Isra'ila. Tarihi bai goyi bayan ko ɗaya daga cikin zato biyun ba. Da yawa daga cikinsu daga cikin addinin suke magana, da ayoyinsa da fatawoyin malamansa, kuma gardamar da suke yi da 'yan'uwansu ta girmi ƙasar Isra'ila da ƙarnuka masu yawa. Tambayar da ke tsakiyar gardamar ita ce: me ke samun addini idan masu shi suka sami soja da kurkuku da ikon ƙwace ƙasa? Ra'ayina shi ne Yahudawan da suka tsaya da Falasɗinawa sun fi kusa da abin da malaman addinin suka gina cikin shekaru kusan 1,800 fiye da ministocin da ke jan aya a yau don halatta mamaya, kuma duk mai son a yi wa Falasɗinawa adalci zai yi asara babba idan ya yi musu kuɗin goro da masu zaluncin.

Addinin Yahudanci da aka sani a yau a cikin rashin mulki ya girma. A shekara ta 70 Miladiyya sojojin Rum suka rushe Haikalin da ke Birnin Ƙudus bayan wani tawaye. Littafin Talmud, wato babban kundin fiƙihu da muhawarar malamansu, ya ruwaito cewa ana cikin ƙawanyar birnin wani malami mai suna Yohanan ben Zakkai ya sa almajiransa suka fitar da shi a cikin makara kamar gawa, domin masu ra'ayin yaƙi har mutuwa ba sa barin mai rai ya fita. Da ya isa gaban kwamandan Rumawa, Vespasian, bai roƙi a bar masa sarauta ba, garin Yabne ya roƙa da malaman da ke cikinsa, don a ci gaba da karatu. Aka sake gwada takobi a tawayen Bar Kokhba da ya fara a 132, abin ya ƙare da halaka mai muni. Daga nan malamai suka ɗora addinin a kan karatu da addu'a da kiyaye dokoki, abubuwan da mutum zai iya ɗauka ya tafi da su Bagadaza ko Kurɗuba ko Folan. Talmud ya kawo wasu rantsuwoyi uku: kada Yahudawa su koma ƙasar a dunƙule da ƙarfin tuwo, kada su yi wa al'ummai tawaye, su kuma al'ummai kada su wuce gona da iri wajen zaluntar Yahudawa. Begen komawa Ƙudus bai taɓa fita daga addu'o'insu ba, amma an bar lokacinsa a hannun Allah da zuwan Almasihu.

Ɗari-ɗarin da suke yi da mulki ma ya riga wannan. A littattafansu na annabawa, lokacin da Bani Isra'ila suka nemi a naɗa musu sarki, annabinsu ya gargaɗe su cewa sarkin zai kwashi 'ya'yansu maza aikin soja, ya karɓe gonakinsu mafi kyau ya ba fadawansa. Labarin da ya fi nuna wannan shi ne na Nabot. Sarki Ahab ya ga wata gonar inabi a jikin fadarsa da ke Yezreyel, ya so ya mayar da ita lambun kayan miya. Ya yi wa mai gonar tayin kuɗi ko musaya da wadda ta fi ta, Nabot ya ce ba zai sayar da gadon kakanninsa ba. Sarki ya koma gida ya kwanta, ya juya fuska bango, ya ƙi cin abinci. Matarsa Yezebel ta rubuta wasiƙu da sunansa, ta buga hatiminsa, ta sa dattawan gari suka kawo masu shaidar zur biyu da suka ce Nabot ya zagi Allah da sarki, aka jefe shi. Abin lura shi ne komai an yi shi da siffar doka: akwai wasiƙa, akwai hatimi, akwai shaidu, akwai zaman shari'a. Da Ahab ya sauka don ya mallaki gonar, sai Annabi Iliyasu ya same shi a ciki, ya tuhume shi da kisa da ƙwace, ya sanar da shi hukuncin Allah. Littafin da ya adana wannan labari ya ajiye annabi a gefen manomi, yana fuskantar sarkin al'ummarsa. Malaman Talmud kuma sun lissafa cewa Attaura ta yi gargaɗi kan cutar da baƙo sau 36, tana tuna musu cewa su ma sun yi zaman baƙunci a Masar.

Saboda haka lokacin da Theodor Herzl, ɗan jarida wanda ba mai kiyaye addini ba ne, ya wallafa littafinsa kan kafa ƙasar Yahudawa a 1896, malaman addini na cikin waɗanda suka fara yi masa ca. A birnin Munik na Jamus ya so yin babban taron farko na 'yan Sahayoniya, wato masu neman kafa wannan ƙasa, a 1897, adawar malamai da shugabannin Yahudawan garin ta sa ya mayar da shi Basel. Masu riƙo da tsohuwar hanya suna ganin abin a matsayin riga malam masallaci, wato ƙoƙarin kawo da hannu abin da Allah ya ce a jira. Masu ra'ayin gyara a Amurka kuwa tun a 1885, a taronsu na Pittsburgh, sun bayyana cewa su jama'ar addini ce, ba sa jiran komawa Falasɗinu. Ko a cikin 'yan Sahayoniyar akwai masu jan kunne. Marubucin nan Ahad Ha'am ya ziyarci ƙasar a 1891, ya dawo ya rubuta cewa ba kango ba ce, akwai masu noma ta, kuma wasu sababbin zuwa na wulaƙanta Larabawa. Daga baya masanin falsafa Martin Buber da Rabbi Judah Magnes, shugaban farko na Jami'ar Ibrananci ta Ƙudus, suka yi fafutukar a kafa ƙasa ɗaya ta al'ummu biyu masu 'yanci daidai, ta hanyar ƙungiyar Ihud da aka kafa a 1942.

Abin da ya juya akalar mafi yawan Yahudawa shi ne bala'in Turai. A 1939 jirgin ruwan St. Louis ya ɗauko Yahudawa fiye da 900 masu gudun Hitila, Kyuba da Amurka suka hana su sauka, ya koma da su Turai, inda daga baya aka kashe kimanin 250 daga cikinsu. Zuwa 1945 'yan Nazi sun halaka Yahudawa miliyan 6. Wanda ya ƙi yarda da girman wannan masifa ba zai fahimci komai a wannan batu ba. Amma ƙasar da aka kafa a 1948 a kan wasu mutane aka kafa ta, mutanen da ba su da hannu a abin da Jamus ta yi. Falasɗinawa fiye da 700,000 suka gudu ko aka kore su daga gidajensu, aka hana su komawa, ɗaruruwan ƙauyuka suka zama kufai. A karon farko tun zamanin Rumawa, addinin da ya saba zama ƙarƙashin wasu ya tashi da sojoji da jiragen yaƙi da wata al'umma a ƙarƙashinsa.

Wasu malaman sun karɓi wannan mulki suka sa masa rigar tsarki. Rabbi Abraham Isaac Kook, wanda ya rasu a 1935, ya koyar da cewa ko 'yan Sahayoniyar da ba sa ibada ma'aikatan Allah ne ba tare da sun sani ba. Ɗansa Zvi Yehuda ya ƙara gishiri: ƙasar da sojojinta masu tsarki ne, kuma haramun ne a bar ko taƙi ɗaya na ƙasar alkawari. Makonni kaɗan kafin yaƙin 1967 ya yi wani wa'azi yana kukan rashin Hebron da Nablus da Yariko, sai ga shi cikin kwana 6 Isra'ila ta kame su duka. Almajiransa suka ɗauki abin a matsayin cikar annabci. A 1968 Rabbi Moshe Levinger da mutanensa suka kama ɗakuna a wani otal a Hebron da sunan bikin Idin Ƙetarewa, suka ƙi fita, a 1974 kuma aka kafa ƙungiyar Gush Emunim mai jagorantar kama-wuri-zauna. A yau 'yan kama-wuri-zauna a Gaɓar Yammacin Kogin Jodan da Gabashin Ƙudus sun haura 700,000. A can ƙarshen wannan layi, ta ɓangaren mabiya Meir Kahane, aka sami Baruch Goldstein, wanda ya buɗe wuta kan masallata a Masallacin Annabi Ibrahim da ke Hebron ranar 25 ga Fabrairu 1994, cikin watan azumi, ya kashe mutum 29. Itamar Ben-Gvir, wanda hoton Goldstein ya daɗe rataye a falonsa, ya zama ministan tsaron cikin gida a ƙarshen 2022.

Akwai kuma waɗanda suka ƙi ƙasar baki ɗaya, kuma su ne aka fi gani a hotunan da ke yawo a wayoyinmu: masu baƙaƙen riguna da faffaɗar hula da gashi mai lilo a gefen kunne, riƙe da tutar Falasɗinu. Mafi yawansu 'yan Neturei Karta ne, ƙaramar ƙungiya da ta ɓulla a Ƙudus a 1938. Babbar jama'ar Satmar ma, wadda Rabbi Joel Teitelbaum ya jagoranta, tana ganin kafa ƙasar saɓo ne, kuma ya rubuta littafi guda a kan haka da ya fito a 1961. Sai dai hujjarsu rantsuwoyin nan uku ne, wato laifin ƙasar shi ne ta zo kafin Almasihu, ko da kuwa ba ta taɓa kowa ba. Wasu 'yan Neturei Karta sun yi tarayya ta gaskiya da Falasɗinawa, har ɗayansu, Moshe Hirsch, ya zama mai ba Yasir Arafat shawara, amma halartar da wasunsu suka yi wa taron Tehran na 2006 mai tababa kan kisan kiyashin Nazi ta sa har Satmar ta yi tir da su. Ba su ne suka fi tasiri ba, ko da sun fi kyan hoto.

Mutumin da ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne Yeshayahu Leibowitz. An haife shi a Riga a 1903, ya koma Ƙudus a 1935, ya koyar da kimiyyar sinadarai da falsafa a Jami'ar Ibrananci, kuma har ya mutu a 1994 yana kiyaye dokokin addini filla-filla. Bai ƙi kafa ƙasar ba, yana ganin Yahudawa sun gaji da zama ƙarƙashin wasu, kuma suna da haƙƙin mulkin kansu. Abin da ya ƙi shi ne a ce ƙasa ko gwamnati ko soja ko wani dutse yana da tsarki. A wurinsa Allah kaɗai ne Mai Tsarki, ƙasa kuwa kayan aiki ce, duk wanda ya ɗaga ta zuwa matsayin abin bauta ya faɗa cikin bautar gumaka ko da yana sanye da hular addini. A watan Oktoba 1953, bayan an kashe wata Bayahudiya da 'ya'yanta biyu a garin Yehud, wata runduna ƙarƙashin Ariel Sharon ta afka wa ƙauyen Ƙibya ta rusa gidaje a kan masu su, mutum kusan 69 suka mutu, akasarinsu mata da yara. Leibowitz ya rubuta maƙala yana tambayar yadda aka yi matasan da aka tarbiyyantar da darajar rai suka iya aikata haka, ya amsa da cewa an koya musu ɗaukar ƙasa a matsayin abu mai tsarki, kuma abin da aka tsarkake babu abin da ba za a halatta dominsa ba. Ya tuna musu cewa a Attaura, da 'ya'yan Annabi Yaƙubu biyu suka karkashe mutanen Shekem don ɗaukar fansa, mahaifinsu bai yafe musu ba har a gadon mutuwarsa.

A 1968, ana tsakiyar murnar nasara, ya yi gargaɗin cewa idan Isra'ila ta riƙe yankunan da ta kame, tana mulkin mutanen da ba sa son mulkinta, za ta koma ƙasar jami'an leƙen asiri, ruɓewar kuma za ta shiga makarantunta da sojojinta da addininta. Daga baya ya yi kira ga matasa su ƙi yin aikin soja a yankunan mamaya. Bakinsa da kaifi yake, wani lokaci har ya wuce kima, kuma da aka zaɓe shi don lambar yabo mafi girma ta ƙasar a 1993, Firaminista Yitzhak Rabin ya ce ba zai halarci bikin ba, shi kuma ya ce a riƙe lambar. Bayansa wani masanin tauhidi Ba'amurke, Marc Ellis, wanda ya rasu a 2024, ya faɗaɗa wannan tunani a littafinsa na 1987 kan tauhidin 'yantarwa na Yahudawa. Ellis ya ce abin da ya sami Kiristanci a ƙarni na 4, lokacin da Sarki Kwanstantin ya rungume shi ya ba shi goyon bayan daula, shi ne ke samun Yahudanci: addinin waɗanda ake tsanantawa ya koma mai sa wa takobi albarka. Wannan ciwo ba baƙo ba ne a tarihinmu. Ana tsakiyar jihadi, wajen 1807, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga yadda son mulki da dukiya ya shiga zukatan wasu, ya bar runduna da niyyar tafiya Makka, sai a Kano aka tsayar da shi, inda ya rubuta wa masu mulki littafin Diya'ul Hukkam.

Tunanin bai tsaya a takarda ba. A 1988, lokacin boren Intifada na farko, aka kafa ƙungiyar malaman Yahudawa masu kare haƙƙin ɗan Adam, Rabbis for Human Rights, a 1989 kuma aka kafa B'Tselem, mai tattara bayanan take haƙƙi a yankunan mamaya. Aikin da aka fi sanin malaman da shi shi ne rakiyar tsinkar zaitun. A watannin Oktoba da Nuwamba iyalin Bafalasɗine kan fita gaba ɗaya, a shimfiɗa tamfol a gindin bishiya, a riƙa tsefe rassa da hannu ko da ɗan matsefi, man da za a samu shi ne cefanen shekara. Wanda gonarsa ke kusa da matsugunin 'yan kama-wuri-zauna ko bayan katangar da Isra'ila ta gina sai ya jira izinin soja, a ba shi 'yan kwanaki, ya je wani lokaci ya tarar an sare bishiyoyin ko an ƙone su. Malaman da masu sa kai sukan iso da sassafe su shiga aikin, domin mai niyyar duka yakan yi tunani sau biyu idan akwai ɗan ƙasar Isra'ila da kyamara a wurin. Hujjarsu a Attaura take, inda aka hana sare bishiya mai 'ya'ya ko a lokacin yaƙi. Ƙungiyar malaman na cikin waɗanda suka kai ƙara har kotun ƙolin Isra'ila ta yanke a 2006 cewa wajibi ne soja ya bar manoma su shiga gonakinsu kuma ya kare su, hukuncin da sau da yawa ake takewa. An gurfanar da ɗaya daga cikin malaman, Rabbi Arik Ascherman, a kotu saboda ya tare katafilar rusau a gaban gidajen Falasɗinawa, a Oktoba 2015 kuma wani matashi mai rufe da fuska ya far masa da wuƙa kusa da matsugunin Itamar, aka ɗauki abin a bidiyo.

Mai suka zai ce waɗannan mutane tsintar ayoyi suke yi, domin littafin da ya kawo Nabot shi ne ya kawo yaƙe-yaƙen Yusha'u da umarnin shafe al'ummar Amalek, kuma Benjamin Netanyahu ya ambaci Amalek a Oktoba 2023, har Afirka ta Kudu ta kawo maganar a ƙarar da ta shigar gaban Kotun Duniya. Gaskiya ne ayoyin na nan, babu amfanin ɓoye su. Amma addini ba ayoyi zalla ba ne, akwai yadda malamai suka karanta su. Tun da daɗewa malaman Mishna, wato tushen Talmud, suka yanke cewa Sarkin Assuriya, Sennakerib, ya cakuɗa al'ummai, don haka ba a iya nuna wani a ce shi ne zuriyar waɗancan al'ummai. Musa bin Maimun, babban malaminsu da ya rayu a Masar ya kuma yi yawancin rubutunsa da Larabci, ya ce al'ummun Kan'ana sun shuɗe, kuma ba a fara yaƙi sai an yi tayin sulhu. A Mishna ne aka ce wanda ya halaka rai ɗaya kamar ya halaka duniya ne, maganar da Musulmi ya san irinta a Suratul Ma'ida, inda aka ce an wajabta wa Bani Isra'ila hakan. Ko a zamaninmu Rabbi Ovadia Yosef, duk da kalamansa masu zafi kan Larabawa, ya ba da fatawar cewa ya halatta a mayar da ƙasa don sulhu idan hakan zai ceci rayuka. Masu tono ayoyin yaƙi don ɗora su kan mutanen Gaza su ne suka zo da sabon abu. Abin da za a iya amsa wa mai sukar shi ne cewa haƙurin wanda ba shi da makami ba a gwada shi ba, kuma gwajin gaske sai yanzu ya zo.

Suka mafi nauyi daga cikin gida take fitowa. Masana irin su Emil Fackenheim da Rabbi Irving Greenberg sun ce bayan sansanin Auschwitz, rashin ƙarfi ya zama haɗarin da Bayahude ba zai sake ɗauka ba. Sukan ƙara da cewa shi kansa Rabbi Teitelbaum a jirgin ƙasan da wani ɗan Sahayoniya, Rudolf Kastner, ya yi ciniki a kansa ya tsira a 1944, kuma dubban ɗaruruwan Yahudawan Iraƙi da Yaman da Maroko da Masar da suka bar ƙasashensu bayan 1948 Isra'ila ce ta karɓi mafi yawansu. Sannan ga 7 ga Oktoba 2023, ranar da Hamas ta jagoranci harin da ya kashe kimanin mutum 1,200, akasarinsu fararen hula, aka yi garkuwa da kusan 250. Cikin waɗanda aka kashe akwai Vivian Silver, dattijuwar da ta kan ɗauko marasa lafiyar Gaza a motarta ta kai su asibitocin Isra'ila. Kashe ta zalunci ne, kuma wanda ya kasa faɗin haka ya raunana hujjarsa ta yin kukan yaran Gaza. Sai dai buƙatar tsaro ba ta amsa tambayar Leibowitz ba. Haƙƙin mutum na kare ransa bai ba shi gonar zaitun ɗin maƙwabcinsa ba, bai halatta dokoki biyu ga mutane biyu a ƙasa ɗaya ba, bai kuma halatta hana abinci shiga wurin da mutum fiye da miliyan 2 ke zaune ba. Zuwa ƙarshen Yuli 2025 ma'aikatar lafiyar Gaza ta ƙidaya mamata fiye da 60,000, a watan ne kuma B'Tselem, ƙungiyar 'yan Isra'ila, ta kira abin da ake yi kisan ƙare-dangi. Shekaru fiye da 50 na mamaya ba su hana 7 ga Oktoba faruwa ba.

Su tsiraru ne, wannan ba abin musu ba ne. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kusan 8 cikin 10 na Yahudawan Amurka suna ɗaukar damuwa da Isra'ila a matsayin muhimmin ɓangare na Yahudancinsu, a cikin Isra'ila kuwa masu kiyaye addini sun fi karkata ga jam'iyyun masu tsattsauran ra'ayi, kuma da yawa daga masu fafutukar kare Falasɗinawa ba masu ibada ba ne. Amma damuwa da Isra'ila ba ita ce yarda da mamaya ba, kuma sababbin rassa na tohowa: ƙungiyar matasa ta IfNotNow a 2014, majami'ar Tzedek a Shikago a 2015, da ƙungiyar Smol Emuni ta masu addini masu adawa da mamaya da ta fito a Ƙudus a 2023. Amfaninsu ya fi yawansu, domin suna karya da'awar da gwamnatin Isra'ila ta fi dogara da ita, cewa ita ce bakin dukkan Yahudawa kuma sukarta ƙiyayya ce gare su. Falasɗinawa ma suna da nasu ƙorafin, kuma yana da tushe: ƙungiyar Al-Haq ta Ramallah tun 1979 take rubuta waɗannan laifuka, amma duniya ba ta cika saurare ba sai Bayahude ya maimaita. Mafi nagarta cikin masu wannan zumunci sun san haka, shi ya sa suke barin mai gona ya ce ga inda za a tsaya da lokacin da za a tafi. Sun kuma san cewa idan dare ya yi su za su koma gida ƙarƙashin dokar farar hula, shi kuwa zai kwana ƙarƙashin dokar soja. Washegarin zaman Grand Central, wani ɗan kama-wuri-zauna ya harbe wani manomi har lahira a ƙauyen Sawiya yana tsinkar zaitun a gonarsa.

A nan ƙasarmu kuskuren iri biyu ne. Akwai Musulmin da ya mayar da sunan Bayahude zagi, alhali Alƙur'ani a Suratu Ali Imrana ya faɗa cewa Ma'abota Littafi ba duka suke ɗaya ba. Akwai kuma Kiristan da ya je ziyarar ibada Ƙudus ya dawo yana ɗaukar gwamnatin Netanyahu a matsayin Isra'ilar Littafi Mai Tsarki, bai tambayi Kiristocin Baitalami, waɗanda su ma Falasɗinawa ne, yadda suke rayuwa a bayan katanga ba. Dukansu biyu sun karɓi da'awar Zvi Yehuda Kook cewa ƙasar da addinin abu ɗaya ne, ɗaya yana la'anta, ɗaya yana sa albarka. Roƙona ga masu karanta labarai a gidajen rediyo, da malamai a kan mumbari, da fastoci a coci, da masu rubutu a Facebook shi ne su riƙa kiran mai laifi da sunansa. Idan sojojin Isra'ila ne suka jefa bam a ce sojojin Isra'ila, idan 'yan kama-wuri-zauna ne suka ƙone gona a ce su ne, idan minista ne ya yi kiran a kori mutanen Gaza a faɗi sunan ministan.